Keken da Kawu Isiyaku ya sa na tura a Mina

Ina cikin tasi a unguwar Shisha, kusa da Mina, bayan la'asar ranar Talata, na ɗauki fasinja biyu, sai wayar Zainab ta shigo. Zainab 'yar kawuna ce, Larabci ya fi zama a bakinta, amma ran nan da Hausa ta yi magana: "Yaya Musa, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ba fasinjojin haƙuri, na sauke su a bakin titi, na juya kan mota.

Kawu Isiyaku ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ya ɗora hannuna a kan sitiyari. Tasi ce sana'arsa, in lokacin Hajji ya zo kuma yana cikin masu hidimar alhazai a Mina. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san abu biyu: rediyo ba ya mutuwa, shi ma bakinsa ba ya hutawa. Wallahi mutum ne mai daɗin zama. Bai yi boko mai zurfi ba, amma ya ɗauki mutanen kowace ƙasa, kuma duk wanda ya fito daga inda ake yaƙi sai ya yi masa tambaya guda: "Da baƙin sojan suka shigo garinku, ƙofar ina suka fara tsarewa?" Yakan ce, "In kana son sanin abin da ya kawo baƙo gidanka, kada ka saurari sallamarsa. Dubi ɗakin da ya tsaya a bakinsa."

Shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi, majalisarmu ta bayan isha'i ta koma filin gardama. Wani ya ce taimako suka je yi, wani ya buga cinya ya ce man fetur ne kawai. Kawu ya yi wa dukkansu dariya. "Kai mai cewa taimako, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Kai kuma mai cewa fetur, ka faɗi gaskiya amma ka tsaya a rabin hanya." Sai ya jawo finjalan gahawa yana jerawa a kan tire. Wannan rijiyar mai ce. Wannan mai ƙera bindiga ne, shi kasuwarsa ba ta ci sai ana harbi. Wannan shugaba ne da zaɓe ke gabansa, yana so mutanensa su ga namiji. Ya ɗaga butar gahawar sama ya ce, "Wannan kuma kwarjini ne. Babba yakan mari yaro ɗaya don sauran yaran unguwa su gani." Aka fashe da dariya, har da ni, ban san maganar tana zuwa ƙofata ba.

A lokacin ina saurayi, jinina yana tafasa. Wani dillali ya zo neman direbobin tirela da za su riƙa kai wa sojojin nan abinci ta Kuwait, albashi ninkin abin da nake samu a tasi. Na ba da sunana ba tare da na shawarci kowa ba. Mahaifiyata ta yi kuka har ta gaji, ban ji ba. Shi Kawu ko ɗaga murya bai yi ba. Cewa ya yi, "Madalla, ya waladi, ɗana. Ka yi mini aikin Mina na bana, bayan Sallah ka tafi abinka."

Kullum a tantunan alhazan Afirka muke aiki, inda Hausa ke ci. Shekarar nan sai na tsinci kaina a tantin mutanen Iraƙi, an haɗa ni da wani dattijo daga Bagadaza wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Aikina in tura shi a keken marasa lafiya zuwa wurin jifa in dawo da shi. Na yi ta ƙunƙuni a raina. Ranar jifa ta biyu Kawu ya riske mu a hanya, gumi sharkaf, ya gaida dattijon, ya jefa masa tambayarsa ta kullum.

Dattijon ya ce, "Ma'aikatar mai suka tsare. Asibitin unguwarmu kuwa, har gadajensa aka kwashe, ba wanda ya ce uffan."

Kawu ya ce, "To ga ɗana nan, direba ne, bayan Sallah zai je ƙasarku da tirela."

Dattijon ya sa hannu ya riƙe tayar keken, muka tsaya cak a tsakiyar jama'a. Ya waiwayo ya dube ni. "Ɗana ma direba ne. Sojojin nan yake kai wa abinci. Masu yaƙarsu sun ce maci amana ne, su kuma ba su taɓa tambayar sunansa ba. A kan hanyar da za ka bi aka ƙone motarsa yana ciki." Ya saki tayar ya ce, "Yalla, tura."

Na tura. Har muka dawo tanti ban san inda nake taka ƙafa ba. Bayan Sallah dillali ya yi ta kira, ban ɗauka ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗauka haɗuwar nan sa'a ce kawai. Sai a daren farko na zaman makoki, muna kan kujerun da aka jera a ƙofar gida, matarsa Gwaggo Hauwa ta aiko a kira ni ciki. Ta ce, "Musa, ka san kwana biyu kawunka ya yi yana bin tanti tanti yana neman mutumin da zai faɗa maka abin da ba za ka ji daga bakinsa ba? Da ya same shi, sai ya ba wani abokin aikinsa gurbinsa na jagoran alhazai don a sa ka a can. Shi dakon ruwa ya yi shekarar, cikin zafin ranar nan, da furfurarsa. Ya ce kada in faɗa maka sai bayan ransa." Na tuna gumin nan da na gani a jikinsa, na kasa riƙe hawaye.

Washegarin rasuwarsa a Harami aka yi masa salla bayan azahar, dubban mutanen da ba su san sunansa ba suka tsaya a bayansa, kamar yadda ya yi ta tsaya wa baƙi. Da aka ɗaga makara ana sauri da ita, kafaɗata na gaba, ta ɗana Isiyaku na baya, yaron da aka haifa shekara uku bayan tafiyar da ban yi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Gwaggo Hauwa da Zainab da mu duka haƙurin rashinsa. Ya jiƙan ɗan dattijon Bagadaza, da shi dattijon in ya riga mu gidan gaskiya. Ruwan da Kawu ya yi dako a Mina saboda ni, Ya Allah, ka shayar da shi da wanda ya fi shi sanyi. Amin.