Rantsuwar Baba da Idon Kaka

Babanmu manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Maska, kuma akwai zuciya, ni ma a wajensa na gado. Shekarar da atamfa 'yar waje ta cika kasuwar Funtua, audugarsa ta rasa mai taya ta da daraja, ya dawo gida yana huci. Ya ce wai gwamnati ta yi yarjejeniyar ciniki da wasu ƙasashe, an sauke kuɗin fito, an kashe manomi. Nan take, a tsakar gida, ya rantse da Allah kayan waje ba za su ƙara shiga gidansa ba. Muka yi dariya a ɓoye, don rediyon da ke rataye a kafaɗarsa ma ba a Maska aka ƙera shi ba.

A lokacin Kaka, mahaifiyarsa, ta daɗe ba ta gani. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, sai dai ta shafa fuskarmu ta gane mu. Ni nake jan ta zuwa bayi, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Sai ga labari daga wani asibiti a Funtua: ana aikin ido da sauƙi yanzu. Muka je. Likita ya ce ɗan gilashin da ake sa wa a cikin ido daga waje yake zuwa, da can sai mai hali, amma tunda aka sauke kuɗin fito talaka ma yana samu.

Baba ya ce, "Daga waje? Kuma da shi za ta koma gidana?"

Haba! Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, idon Kaka ne fa, ba zanen ɗaurawa ba!"

Ya harare ni, amma bai yi musu ba. Ya tafi wajen limamin garinmu. Liman ya ce abu ne mai sauƙi, ya karya rantsuwa ya yi kaffara, ya ciyar da mabukata goma. Baba kuwa da ya tashi sai ya sa aka tuƙa tuwon masara kamar ana suna, har masu babur na bakin hanya suka ci suka yi guzuri.

Aka yi wa Kaka aiki. Ranar da aka cire bandeji, muna tsaye cirko-cirko. Kaka ta ƙifta ido, ta ƙara ƙiftawa. Ta ce mayafina ya koɗe, kowa ya fashe da dariya, ni har da guɗa. Sannan ta juya ta ƙura wa Baba ido.

Ta ce, "Wannan dattijon fa?"

Ya ce, "Inna, ni ne."

Ta kama gemunsa da hannu biyu. "Ɗan nan, yaushe ka yi furfura ban gani ba?"

Baba ya durƙusa a gabanta, ya kifa kai a cinyarta yana kuka kamar yaro.