Kunnen Inna

Tsinke ake ce mata tun tana budurwa, saboda ramarta da kuma tsinken kitson da ba ya barin gefen ɗankwalinta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. A ciki akwai kujera 'yar tsugunne, da benci, da madubin da ya tsage ta kusurwa, da kwalaben man kitso jere a kan katako. Shekara talatin da ɗoriya tana tsaga kan mata a wurin. Hannunta da sanyi, in tana miki kitso har gyangyaɗi za ki yi, kuma duk wadda ta taɓa sa kai a cinyar mai kitso ta san yadda baki ke sakewa. Mace za ta zo a yi mata guda takwas ta tashi, kafin a kai na biyar ta zazzage abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba. Ita kuwa Tsinke ba ta wuce "Allah sarki" da "juyo nan". An shaide ta da riƙon amana, kuma a shekarun farko ta cancanci shaidar.

A saman benen akwai wata mata mai wanki da guga, wadda haɗarin mota ya ɗauke mata miji da ɗa rana ɗaya. Aka gama karɓar gaisuwa, aka watse, amma magana ba ta dawo bakinta ba. Kullum da hantsi sai ta sauko ta zauna a ƙarshen bencin Tsinke, hannu a cinya, ba ta ce wa kowa kanzil. Masu jiran layi suka riƙa jin nauyin yin gulma a gabanta, sai su ma su kama bakinsu. Abin mamaki, wasu suka ce suna tashi ƙirjinsu sakayau. Wata mai sayar da kifi ta fara zuwa da kanta a kitse, ta zauna kawai. Haka Zauren Shiru ya soma, mata biyar a benci ɗaya, sa'a guda ba magana. In lokaci ya cika sai mai wankin ta ɗago ta ce, "Allah ya ji abin da ba mu faɗa ba," a tashi. Suka riƙa kiranta Inna.

Ran nan Tsinke ta ji a bakin wata da take yi wa tsifa cewa kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanta ba, kuma ta gwammace ta mutu da ta roƙa. Abin ya tsaya wa Tsinke a rai, da yamma ta hau sama ta gaya wa Inna. Washegari bayan an gama shiru Inna ta ce, "Akwai wata a cikinmu da murhunta ya yi sanyi. Kowa ta ajiye abin da ta iya a bakin ƙofa, kada a dubi fuskar kowa." Matar ta fashe da kuka tana cewa ta yaya Inna ta sani. Inna ba ta ce an nuna mata ba, ba ta kuma ce an gaya mata ba. Tsinke ma ta sunkuyar da kai tana goge mataji. Daga nan laifinta ya fara, kuma maganar gaskiya a ranar daɗi ta ji, don yara sun ci abinci.

Labari ya bazu cewa Inna tana ganin abin da ke cikin zuciya. Shago ya yi kaɗan aka koma tsakar gida, tsakar gida ta yi kaɗan aka kama wani tsohon sito a bayan tashar mota. Matan suka ɗauki ɗankwali ruwan toka. Aka buɗe rassa a wasu garuruwa, motoci suna sauke mata tun da sassafe. Da girma ya zo, surutu ma ya zo. Masu wa'azi suka ce yaushe aka fara bin mace, kuma wace irin ibada ce wannan da ba a furta komai. Magidanta suka ce karin kumallo ya koma na rana, ko da yake mai gyaran agogo ya rantse tun da matarsa ta shiga bai taɓa samun zaman lafiya irin wannan ba. Wata doguwar malamar makaranta ta ɓalle da mutanenta, ta ce shiru yana kumbura ciki, su kuka za su riƙa yi da ƙarfi, aka sa musu suna Masu Kururuwa. Likitoci kuma suka fara ƙorafi a rediyo cewa wasu matan suna ajiye magani su ce shiru ya ishe su.

Duk wannan hayaniyar ba wanda ya waiwayi ɗan shagon da ke ƙasan bene. Alhali doka ce a Zauren, duk mai son shiga sai an tsefe kanta an yi mata kitso uku zuwa ƙeya, alamar ta sauke ado, kuma Tsinke ce mai yi. Bayan haka ma wurinta suke dawowa, don hannun da ya taɓa kan Inna ai da albarka. Ita kuma duk ranar Laraba da la'asar takan hau sama da kwalbar mai ta yi wa Inna kitso, tana tsaga tana juye abin da ta kwasa a mako. Ba su taɓa zama sun ce ga abin da muke yi ba. A hankali ma Inna ta fara cewa, "Na ji wannan a jikina tun kafin ki faɗa," kuma da dukkan alamu ta yarda da hakan. Tsinke takan lallashi kanta da cewa taimako ne. Auren da aka gyara nawa, matan da aka hana su cutar da kansu nawa? Amma ta daina iya kallon madubi in tana wa mace kitso, don kada su haɗa ido.

Tsinke tana da ƙanwa ɗaya, Auta, wadda ta goya tun mutuwar uwarsu. Auta tana ɗinka rigunan 'yan makaranta a wani shago mai kekuna shida. Mace ce mai zurfin ciki, ko ƙaya ta taka sai dai ka ga tana ɗingishi. Da farko dariya take wa Zauren.

"Yaya, in shiru ibada ne, ai kuramen gari sun riga ku shiga aljanna," in ji ta.

Sai ta yi ɓari, bayan shekara tara tana jira. Ba ta gaya wa mijinta tana da ciki ba balle ya san ya zube, ba ta gaya wa Yaya ba. Tsinke a bakin wata nas ta ji, kan nas ɗin yana cinyarta. Ta ga ƙanwarta tana bushewa a tsaye, ta rasa ta inda za ta ɓullo mata, sai ta kai maganar sama, ta kuma lallaɓi Auta ta raka ta sito sau ɗaya tak. A ranar Inna ta ce, "Akwai wadda ta binne abin da ko suna ba a sa masa ba, ita kaɗai, ba mai yi mata gaisuwa. An gan ki, 'yata." Auta ta zube a ƙasa. Daga ranar ta ɗaura ruwan toka, ta koma cin abinci, ta koma dariya, ta zama ita ce mai share sito kafin kowa ya zo. Tsinke ta ce a ranta, ko wannan kaɗai ya isa hujja.

Shekara uku bayan haka, tana wa Auta tsaga a bayan kunnen hagu, yatsanta ya ci karo da wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwallon dabino. Auta ta ɗan zabura. Da Auta ta fita wanke hannu, Tsinke ta buɗe jakarta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta ga katin asibiti da ranar da aka sa za a yi mata aiki, saura kwana goma sha ɗaya. Ta san Auta da tsoron wuƙa, ko allura sai an riƙe ta. Ta kuma san maganar Inna kaɗai Auta ba ta tsallakewa. Ba ta jira Laraba ba, ta hau sama.

"Inna, don Allah ki ce mata ta je. In daga bakinki ya fito za ta je."

Inna ta gyaɗa kai. Washegari sito cike maƙil, har da baƙi daga rassa, ta ɗago bayan shiru ta ce, "Akwai mai ɗauke da dutse a bayan kunnen hagu. An sa mata rana da wuƙa." Ta ɗan dakata, mata suna jira, har numfashi ba a ji. "Kada ta je. Ta kama bakinta kwana arba'in, zai narke." Sito ya ɗauki kuka. Tsinke ta hango Auta ta ɗaga hannuwa sama, fuskarta kamar an yi mata bushara.

Da yamma ta tarar da Inna tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"Ba haka muka yi da ke ba, Inna."

"Abin da ya zo bakina na faɗa. Ke labari kike kawowa, ba ke kike sa min magana ba."

"Ƙanwata ce. Zan gaya mata."

"Gaya mata," in ji Inna, ba tare da fushi ba. "Amma ki sani ba ita kaɗai za ta ji ba. Mata dubu nawa ke tsaye da ƙafafunsu saboda sun yarda an gan su? Ke za ki kwashe musu ƙafa? Kuma wace ce za ta sake sa kai a cinyarki?"

Tambayar ƙarshen ce ta kama ta, kuma wannan shi ne abin da Tsinke ba ta yafe wa kanta ba har yau. Ta so ta ce don matan nan ta yi shiru, amma ta san tsoro ne, tsoron a nuna ta a titi a ce ga wadda ta sayar da asirin gari. Ranar aiki ta zo ta wuce. Kwana arba'in suka cika dutse bai narke ba, Inna ta ce a ƙara arba'in. Duk mako biyu Auta takan zo ta zauna a 'yar kujera, ba magana, sai murmushi da nuni da hannu, Tsinke kuma tana auna abin da yatsunta. Ya bar ƙwallon dabino ya kai ƙwai. Ya fara gangarowa wuya. Ita kuwa Tsinken ta rame a kan ramarta har mai tabarau ya tambaya ko lafiya.

A kwana na saba'in da uku, da rana tsaka, ba kowa a shagon sai su biyu, ta tsefe rabin kan Auta ta ga fatar wurin ta canja launi. Ta ajiye tsinke.

"Auta, ba wanda ya nuna wa Inna komai. Ni na taɓa na ji. Ni na buɗe jakarki na ga kati, ni na kai mata. Cewa na yi ta tura ki asibiti, ta faɗi nata. Duk abin da kika taɓa ji ta faɗa a kan wata, daga shagon nan ya fita. Ki tsine min in kin ga dama, amma ki tashi mu je."

Auta ta buɗe baki, muryar ta fito a dishe saboda daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

"Na cikin da ya zube fa?"

"Ni ce. Nas ta gaya min."

"Da ta ce an gan ni?"

"Ni ce, Auta."

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi wa Tsinke sauƙi.

"Shekara uku ina kwana ina tashi da cewa akwai wanda ya gan ni ranar," ta ce. "Ashe gulma ce ta zaga ta dawo."

Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin tsifar ta fita.

Ta je asibitin, wannan kam ta je, kwana biyu bayan haka, ita kaɗai. Maganar ba ta fita daga bakinta ba, Zauren yana nan yana ƙara rassa, masu wa'azi suna nan suna faɗa. Tsinke ce dai ta daina hawa sama, ta ce yatsunta sun fara ciwo, aka sami wata mai kitson shiga. A bakin mijin Auta ta ji an sa sabuwar rana, kuma likita ya yi faɗa, ya ce da an yi wata biyu baya da aikin ƙarami ne, yanzu sai abin da Allah ya yi. Shi ma mijin an tura shi aiki wani gari, ba a ba shi hutu ba sai washegarin ranar da za a yi wa Auta aikin.

Ranar aikin tun da safe Tsinke tana kan bencin barandar asibiti, da flas ɗin ruwan zafi da zane biyu wankakku a leda. Aka wuce da Auta a gadon turawa, an aske mata gefen kai, idonta a rufe, ko barci ne ko ba barci ba. Bayan sa'a huɗu wata nas ta fito da takarda a hannu tana duba masu jira. Tsinke ta miƙe har flas ya kusa faɗuwa.

"'Yar nan, wadda aka yi wa aiki a wuya ta fito? Ni ce yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya."

Nas ta duba takardar, ta juya bayanta, ta sake dubawa.

"Mama, ki yi haƙuri, ba zan iya gaya miki komai ba. Mijinta kaɗai ta rubuta. Wurin 'yan'uwa mun tambaye ta har sau biyu, ta ce ba ta da kowa."