Baturen da Ya Nemi Aikina

A farkon shekarun saba'in ina koyar da Hausa a wata jami'a a New York. Karatu ne ya kai ni, da na gama digirin digirgir a kan ilimin harsuna sai jami'ar ta riƙe ni, domin a lokacin matasan Amurka, musamman baƙaƙen fatarsu, sun taso da ɗokin koyon harsunan Afirka. Muna zaune a unguwar Bronx kusa da babban titin Concourse, ni da mai ɗakina da 'yarmu ta fari, wadda za ka yi wa magana da Hausa ta kalli tsabar idonka ta mayar maka da Turanci.

Komai yana tafiya daidai sai abu guda: bizata ta ɗalibta ta kusa cika. Jami'a ta tura ni wurin wani lauya, gajeren mutum mai ƙaton tabarau, wanda ofishinsa ke warin taba da tsohuwar takarda. Ya jujjuya takardun shaidata yana gyaɗa kai.

"Doka tana son irinku," in ji shi. "Masu manyan digiri, likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. Za a iya ba ka izinin zama na dindindin, kai da iyalinka. Sharaɗin dai shi ne jami'a ta nuna wa gwamnati cewa babu ɗan ƙasa da zai iya aikin da kake yi. Za su yi talla a jarida, a jira a gani."

"To in wani ya fito fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wa zai fito? Ni kaina yau na fara jin sunan harshen naka."

Na dawo gida ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa rawani. Na zauna na yi wa mai ɗakina bayani dalla-dalla, na maimaita kalmar ƙwararre fiye da yadda ake bukata. Tana yankan kuɓewa ba ta ko ɗago ba.

"Wato Malam, gwamnatin Amurka za ta ba ka takardar zama saboda ka iya Hausa?"

"Saboda na ƙware a ilimin tsarin sauti da ginin jimla na..."

"Ashe da na sani da na taho da kakata. Ita kam har da naɗin sarauta za su haɗa mata."

Aka buga talla. Makonni suka shuɗe shiru, har na fara mantawa. Ran nan shugabar sashenmu ta kira ni ofishinta. Tsohuwar farfesa ce mai furfura, ta ƙare rayuwarta a kan harsunan mutanen asalin Amurka, Hausarta kuwa ba ta wuce "sannu" ba, ita ma sai ta ja ta kamar tana kiran kyanwa. Mace ce mai gaskiya irin wadda take gajiyar da mutane.

Ta ce mutum ɗaya ya nema. Ɗan ƙasa ne, ya rubuto cewa yana jin Hausa sosai. Dole a gwada shi.

"Kai ba za ka yi alƙalanci ba, tunda kujerarka ake magana a kai," in ji ta. "Amma ni ban san wani Bahaushe ba sai kai. Ka samo mana wanda zai gwada shi, kai ka zauna ka riƙa fassara mini."

Na fito ina jinjina wannan irin adalci, da ya hana ni yanke hukunci amma ya bar mini zaɓen alƙali.

Ban sha wahalar tunani ba. Ina da aboki ɗan Nijar, mutumin Adar, yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarsu, yana zaune a unguwar Jamaica ta Queens, nan cikin New York. Tun ranar da ya ji ni malami ne yake kirana Mushe, wai haka suke kiran malamin makaranta a ƙasarsu, daga kalmar Faransanci. Na sha gaya masa cewa a Kano mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Ya ce ya sani, shi ya sa sunan ya dace da ni. In yana cikinmu yakan sassauta harshe, amma in ya haɗu da 'yan garinsu suka ɓarke, ni kaina sai in riƙa tsintar maganar ɗai-ɗai.

Lissafina shi ne, duk Ba'amurken da ya ce ya iya Hausa, to Hausar Kano ya koya, ko daga littafi ko daga koyarwa a wata sakandare a Najeriya. In aka jefa shi cikin Hausar Adar, ko gaisuwa ba zai kai ƙarshenta ba.

Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ranar Lahadi na same shi a gida. Na ce, "Ban ce ka zalunci bawan Allah ba. Ka dai yi masa irin Hausar da kakarka take yi maka in ka ɓata mata rai."

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Bon, Mushe. Bar mini shi."

Ranar gwaji muka hallara a wani ƙaramin ɗakin taro. Abokina ya sha babbar riga da hula, ya zauna yana ɗaure fuska kamar alƙalin gaske. Sai ga mutumin ya shigo, dogo, jan gashi, sanye da kwat mai tsada, amma duk gaban kwat ɗin gashin dabba ne fari-fari. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ɗan rusuna. Sallamar ta fita tsaf. Na ce a raina sallama kowa ma ya iya.

Abokina bai ba shi damar zama ba, ya sako masa magana da gudu. "Kai wanga bature, mi ya kawo ka? Ina ka hito, ina za ka, wa ya ce maka halshenmu abin wasa na?"

Mutumin ya tsaya cak. Na ga fuskarsa ta yi ja har kunne, na fara murna. Ashe ba ruɗewa ba ce.

"Wanga halshe na Adar na," ya ce a hankali. "Don Allah kai ɗan wane gari na?"

Abokina ya faɗi sunan ƙauyensu, wani wuri da ko a taswira ba na jin akwai shi.

"Damana ukku na yi can wajenku, muna yi ma shanu allura. Mai gari shina nan da rai? Shi da ɗan'uwanshi mai jan bajimin nan da ya kore ni har bisa icce?"

"Mai jan bajimi kawuna na," in ji abokina.

Daga nan shirinmu ya watse. Alƙalina ya ture hula baya, ya zaunar da shi, ya jawo kujera har gwiwoyinsu suna gogar juna. Suka shiga rijiyoyi, suka fita suka shiga cututtukan shanu, suka bi sunayen ciyayi da na kasuwannin ƙauye, wa ya mutu, wa ya tafi Makka, wace tsohuwa ce ta fi kowa iya dama fura. Ni da aka ajiye don fassara na koma ɗan kallo. Ina kama kalma biyu, uku su wuce ni.

Farfesa ta matso da alƙalami a hannu. "Me suke cewa?"

"Suna tattauna nahawu," na ce.

Ta rubuta. Can suka tuntsire da dariya, baturen har yana share hawaye. Ta sake tambaya.

"Wani batu ne na jam'in suna. Yana da ban dariya in mutum ya san harshen."

Ta rubuta wannan ma. Daga baya na ji cewa labarin wani jami'in gwamnati suke yi da raƙumi ya tofa wa yawu a gaban jama'a.

Ana cikin haka baturen ya waiwayo gare ni cikin ladabi ya yi mini wata doguwar tambaya. Ban kama ko kanta ba. Na ce, "Na'am?"

Abokina ya dafa kafaɗarsa, har ya fara kiransa lokotoro, wato likita a bakinsu. "Yi mishi sannu-sannu, lokotoro. Bakano na."

Da farfesa ta ga hirar ba ta da niyyar ƙarewa, sai ta buga alƙalami a tebur ta nemi hukunci. Abokina ya gyara zama, ya koma Turancinsa mai ƙamshin Faransanci, yana kallona ta wutsiyar ido.

"Madam, abokina yana da Hausar littafi da ta rediyo. Wannan kuwa Hausa yake da ita."

Na ji kamar an zare mini kujera. Na fara hango kaina ina ɗaure akwatuna, ina kuma hango fuskar mai ɗakina, wadda na tabbata za ta tausaya mini amma sai ta gama dariya tukuna. Farfesa ta juya wurin baƙon, ta tambaye shi inda ya taɓa koyarwa, da kuma yaushe zai iya farawa in an ɗauke shi.

"Fara me?" in ji shi.

"Aikin da ka nema."

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa likitan dabbobi ne, yana da asibitinsa a Manhattan, inda yake duba karnuka da kyanwoyin matan attajirai, bai taɓa tsayawa gaban allo ba kuma ba ya fata. Yana shimfiɗa tsohuwar jarida ne a kejin wani kare sai idonsa ya faɗa kan kalmar Hausa. Tun da ya dawo daga Nijar bai sami wanda zai yi wa magana ba sai karnukan, su kuma ba sa amsawa. Sai ya yi tunanin in ya nemi aikin, dole a kawo Bahaushe ya gwada shi.

"Ga shi kuwa an kawo mini har biyu," ya ce.

Farfesa ta rufe littafinta, ta yi masa wa'azi mai tsawo a kan ɓata lokacin jami'a da na gwamnati. Ya sunkuyar da kai yana saurare kamar ɗan firamare. A cikin wa'azin ne ya fahimci cewa zamana a ƙasar ya rataya a kan wannan talla. Ya dafe kai, ya juyo gare ni, wannan karon da Hausa mai sauƙi yadda Bakano zai gane.

"Malam, ka yi mini gafara. Ban san bisa wuyanka na taka ba."

Na ce babu komai, tunda ya ɗaga ƙafar. Nan take ya rubuta cewa ya janye.

Da na ba mai ɗakina labari, sai da ta ajiye ludayi ta zauna a ƙasa don dariya. Ta ce lallai sai ta ga wannan bature da idonta. Ranar Lahadi ya zo da abokina. Ta tuƙa tuwo da garin alkamar da muke saye a kantin 'yan Puerto Rico, ta yi miyar kuka da ragowar kukar da aka aiko mana daga gida. Ya cire takalmi a ƙofa, ya ƙi kujera, ya wanke hannu ya kai loma. Ya ci ya ƙoshi. Sannan ya tambayi 'yarmu sunanta da Hausa, ta ba shi amsa da Turanci kamar yadda take yi wa kowa. Bayan sun tafi na tambayi mai ɗakina yadda ta ga Hausarsa. Ta ce ta ƙauye ce ƙwarai, amma ya fi mu ladabi ni da abokina in an haɗa.

Takardu suka ci gaba da tafiyarsu ta hawainiya. Aka kira mu ofishin shige da fice, wani jami'i ya tambaye mu ko muna da niyyar kifar da gwamnatin Amurka, muka ce ba mu da ita. Bayan wasu watanni katin ya iso ta gidan waya. Kowa yana ce masa koren kati, amma namu shuɗi-shuɗi ne. Mai ɗakina ta juya shi gaba da baya, ta ce ko dai na masu rabin ƙwarewa aka ba mu.

Farfesa ba ta yarda a tashi a tutar babu ba. Ta ce tunda likitan ya ci lokacin jami'a, sai ya biya da zuwa ajina ya yi wa ɗalibai hira a kan rayuwar makiyaya. Ya zo da hotunan shanu da wata tsohuwar ƙwarya, ya kwaikwayi kukan bajimi, ya nuna musu yadda ya hau itace. Ɗaliban da nake fama da su su buɗe baki suka dinga jefa masa tambayoyi har lokaci ya wuce.

Washegari na shiga aji na ce, "Ina kwananku?"

Suka haɗa baki gaba ɗaya: "Lahiya lau, Mushe."

Sauran zangon karatun nan kaf na ƙare shi ina ƙoƙarin mayar musu da harafin fa bakinsu. Wasu sun dawo hanya. Wata yarinya daga Harlem kuwa ta ce ita ta Adar ta fi yi mata daɗi, kuma da ita ta rubuta jarrabawa. Na duba takardarta sau da yawa ina neman inda zan rage mata maki, ban samu ba.