Kunkurun Teku a Ƙarƙashin Matakalarmu

Duk unguwarmu ta Al-Sih a Madina cewa ake talauci ne ya sa na yi sata, wasu kuma su ce miyagun ƙawaye. Babu ko ɗaya. Babana direba ne a filin jirgi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni kurkuku, kuma gara ku ji daga bakina.

Da na gama sakandare zaman gida ya ishe ni. Sai na bi Khala Safiya, ƙawar Ummata, wadda ke jagorantar matan sa-kai masu gadin ƙwan kunkurun teku a gaɓar arewacin Yanbu. Duk ƙarshen mako muke tafiya daga Madina. Bayan sallar asuba mu bi sawun uwar a kan rairayi, mai kama da sawun tayar mota, har inda ta binne ƙwai. Mu kafa sanda a wurin, mu share sawun da tsintsiya don kada ɓarayi su gani. Ni aka ba tsintsiyar.

Tambaya ce ta dame ni. Yaya ƙwan yake? Me ke ciki? Khala ta ce, "Ya binti, wata biyu ne kawai, ki jira su fito ki gani." Ni da ko shayi ba na iya jira ya huce.

Na tona na ɗauki guda ɗaya. Laushi gare shi kamar fata, ka latsa ya loɓa. Na dafa shi a gida, farin ya ƙi daskarewa. Wata maƙwabciyarmu mai ciwon baya ta gani, ta ce a garinsu magani ne, ta roƙe ni biyar. Daga ita sai ƙawayenta. Kafin in farga na zama mai sayarwa.

Tunda ni ce ta ƙarshe a layi da tsintsiya, sai in kwashe ramin, in mayar da sandar, in share nawa sawun. Khala ta yi ta gadin rairayin da babu komai a ƙasansa. Ranar da ya kamata su fito ta tsuguna ta tona da hannu, ta ce, "Yanyawa ce kuma, Allah ya isa." Ina tsaye a bayanta na ce amin.

Har lokacin ban ga fitowarsu ba. Don haka na ciko bokiti da rairayi, na binne ƙwai a ciki, na ɓoye ƙarƙashin matakalar gidanmu ina yayyafa ruwa. Yawancinsu sun ruɓe. Amma wata la'asar Umma ta ƙwalla ƙara: "Ke! Wane irin ƙwaro ne wannan a takalmina?"

Bakwai ne, kowanne bai kai tafin hannuna ba, suna ta iyo a kan tayil, suna neman tekun da ke tafiyar awa uku daga nan. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na zuba musu ruwan famfo da gishirin miya a baho, na ba su latas. Ko kallonsa ba su yi ba.

Umma ta ce, "Kira Safiya, yalla, maza."

Na ce, "In na kira ta, kaina na kira wa shurɗa, 'yan sanda."

Ta ce, "To zauna ki kalle su."

Kwana biyu na yi ina kallo. Huɗu suka daina motsi ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ɗauki waya.

Khala ba ta zage ni ba. Ta kalli bahon, ta kalle ni, ta ce, "Ashe yanyawar da tsintsiya take yawo." Ta naɗe ukun a jiƙaƙƙen tawul ta wuce Yanbu. Washegari ta kai rahoto, domin ba ta iya ɓoyewa, kuma matan da na sayar wa suka ba da shaida. Aka yanke mini watanni.

A kurkuku ba abincin ne ya fi damuna ba. Tambaya ɗaya ce: ukun nan sun kai ruwa? Ranar da na fito ita na fara yi. Umma ta ce biyu sun shiga teku, ɗaya ya mutu a mota.

'Yan uwana matasa, ban ce kada ku yi tambaya ba. Amma in aka amince muku da gadin abu, kada ku sa masa hannu don kawai kuna son gani. Na tuba, kuma har yau kunyar Khala nake ji.

Ta ce ba za ta sake barina kusa da rami ba. Ta yi daidai. Amma akwai masu tsince leda da tsummokaran raga a gaɓa, aikin da ba wanda yake so. Ranar Juma'a zan je ƙofar gidanta da buhuna, in tsaya har ta fito.