Ƙusar Makara

Shekarar da ambaliya ta cinye maƙabartar ƙauyenmu, can wajen Baturiya, kawuna ya rasu. Duk inda aka haƙa sai ruwa ya tsattsafo, don haka aka ce a kai shi tudu a tsohuwar motar yayana ta jigilar shinkafa.

Motar tana da ƙaramar giya, wadda ke sa ƙafafu huɗun su ja tare. Fil ɗin da ke riƙe sandarta ya daɗe da yin sako-sako. Na yi magana har bakina ya gaji, amsar Yaya ɗaya ce: sai bayan damina.

Muna tsakiyar fadama taɓo ya riƙe mu. Yaya ya ja sandar, ta biyo hannunsa, fil ya faɗa cikin laka. Muka yi ta lalube, rana tana dukan gawa, ƙudaje suna taruwa a kan likkafani.

Wani dattijo cikin masu rakiya ya ce, "Ku zare ƙusa ɗaya daga makarar." Yaya ya zare ta da filaya, ya kwanta cikin taɓo, ya zura ta a ramin fil ɗin, ya lanƙwashe bakinta. Motar ta fita. Muka kai Kawu kabari, makarar tana girgiɗi a kafaɗunmu.

Damuna biyu sun wuce, ƙusar tana nan. Wai ta fi fil ɗin riƙo, in ji Yaya. Ni dai ba zan ƙara shiga motar nan ba, sai dai ranar da za a ɗora ni.