Tashar da na buɗe wa Baba da tsofaffin kaset ɗinsa

Shekarun baya kaɗan, ina sabon zama a Tasawa, na je gida Attantane na tarar mahaifiyata ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, gara ta fara cin gindinsa. Kaset-kaset ɗin mahaifina ne. Tun yana saurayi yake yawo da rikoda duk inda ake biki ko gayya, ya ɗauki kalangu, ya ɗauki waƙar manoma, har da sarewar Fulanin Isawan. Rikodar ta daɗe da mutuwa.

Na kwashe su na tafi da su Tasawa, na ari rikoda, na shiga juye su cikin tsohuwar ordinata, wato kwamfuta. Wanda zarensa ya tsinke sai in liƙe da janfarcen matata. Da na gama na zuba a waya na kai wa Baba, ina ta fankama. Ya dangwala, ya sake dangwalawa, gilashin ya ƙi jin yatsunsa, don hauya ta sa sun yi kanta. Ya miƙo mini abata ya ce, "Ni a ba ni abin da ake murɗawa."

Wani abokina mai gyaran waya a Maradi ne ya nuna mini wata rediyo mai abin murɗawa irin na da, amma ta intanet take kama tasha. Ya ce akwai manhajar da zan sa wa ordinata ta riƙa sakin waƙoƙin ba tsayawa, rediyon kuma ta kamo su daga ko'ina. Ya haɗa mini komai. Ranar da na gwada, na ajiye rediyon a tsakar gida na ji kalangu ya tashi, ban san lokacin da na fara takawa ba. Daga ranar matata ta laƙa mini Darakta.

A Attantane na je da ƙaramin akwatin intanet mai sim, sai rezo, wato sabis, ya ƙi kamawa ko'ina in ba saman bishiyar bedin ƙofar gida ba. Haka na tattare babbar rigata na hau na ɗaure shi, mata suna leƙe ta katanga.

Bayan la'asar Baba na zaune da abokansa a kan tabarma, na ajiye rediyon gabansa. Ya murɗa. Kalangu ya ɓarke, sai ga muryar wani saurayi yana cewa, "Ku ja baya mana, kun tare mini makaɗi."

Baba ya gyara zama. "Wannan ai muryata ce. Kai, wa ya ba 'yan gidan rediyo kaset ɗina?"

Na ce, "Baba, tashar tana ɗakina a Tasawa, kan tebur."

"Su wa ke saurare?"

"Ku kaɗai."

Ya dube ni, ya dubi rediyon. "Tasha guda don mutum ɗaya?" Sai ya ƙure muryar rediyon.

Ba a jima ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta fito, hannunta duk gari, ta tsaya bakin zaure. Mijinta ne makaɗin, ya daɗe da rasuwa. Ta ce, "Malam, na san hannun nan." Aka ba ta kujera ta zauna tana kaɗa kai. Can ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku saurara, yanzu zai roƙi goro. Bai taɓa kai ƙarshen kiɗa bai roƙa ba." Kafin ta rufe baki kalangun ya tsaya, muka ji shi yana cewa, "Wai babu mai goro a nan ne?" Wurin ya kaure da dariya. Ita ta fi kowa, tana yi tana share ido da bakin mayafi.

Daga nan Baba ya karɓe ragamar tashar. Sai ya sa a kira ni ya ce, "Ranar kasuwar Mayahi kar ka sa na gayya, masu so ba sa gari." In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a Tasawa kuwa, shi ke fara sanar da ni cewa tashata ta mutu, sai da na saya mata batiri.

Da na fara aikin, a zatona waƙoƙi nake ceto daga lalacewa. Ban yi tunanin mutanen da ke ciki ba, da tarinsu da gardamarsu, da waɗanda suka bari a raye suna kewarsu. Kafin in koma Tasawa tsohuwar ta tare ni ta ce, "Ɗana, ka riƙa sako shi da hantsi, lokacin nake daka." Har yau haka tsarin yake. Kowace hantsi in na wuce ta gaban ordinatar na ga sunan kaset ɗin yana tafiya, na san can Attantane ta jawo turminta kusa da katanga.