Sunan da Inna ba ta taɓa faɗa ba

Jikata ta auri Baturen Ingila, wani dogo mai aikin rijiyoyi wanda ya musulunta a nan Tawa. Ni ɓarawon mata nake ce mai, tunda amaryata ya ƙwace.

Wata rana bayan la'asar ya shimfiɗa mini takardu a kan tabarma. Wai sunan gidansu bai da yawa ko a ƙasarsu, ya bi sawunsa har wani ɗan ƙauye mai gada, inda kakanninsa ke wankin ulun tumaki. Daga wannan aiki sunan ya fito.

"Kaka, naku fa?"

Ni da lakkwal ta kora tun aji biyu, sai na gyara zama na ce namu na wani ne da ya kashe zaki da tabarya. Har ya rubuta.

Gaskiyar ita ce ban san sunan ubana ba. Ya rasu ina ciki, Inna ta baro Barmu da ni. Matan lokacinsu ba su kama sunan miji, ko yana kabari. Da ma'aikacin meriya mai rajistar haihuwa ya tambaye ta, sai ta ba shi laƙabin da ake yi mai don yana sai da gishiri. Shi ke kan kartina na ɗan ƙasa har yau. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya, har ta tafi.

Sai jikar ta haihu, namiji.

"Tsohon miji," in ji ta, "sunan babanka na yanka za mu sa mai."

Saura kwana shida suna. Na kira Baturen gefe na ce ya goge zakin nan. Bai yi dariya ba. Ya ce wa ya rage?

Gwaggo ce kaɗai, autar su Baba, ta makance a Barmu. Shi ya kai ni a motarsa.

Ta shafa fuskata. "Kai, ɗan banza, sai da furfura ta cinye ka ka tuna kana da uba?"

Ta sa na sha fura, ta zage ni son ranta, sannan ta faɗa. Suna ne wanda rabin mazan kasuwa ke amsawa. Na sha kiran wasu da shi ina neman wuta ko goro.

Ranar suna liman ya miƙo kunne, na faɗa mai. Allah ya saka wa Gwaggo, ya saka wa ɓarawon nan da takardunsa.